Ƙarfen da Ba Ya Ja

A Abeshe, cikin ƙasar Chadi, na fara ganin ana sayar da ruwan sha kofi-kofi. Na tsaya baki buɗe har mai ruwan ya zaci zaginsa nake shirin yi. Ni da na baro ƙasar da ruwa ya yi mana yawa har ya cinye gidajenmu da gonakinmu da kaburburan kakanninmu, ga shi yau ana auna mini shi kamar man shanu. Yayana Mudi ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Haladu, rufe bakin nan kafin ƙuda ya shiga. Kana ba mu kunya." Tun daga ranar aikina ke nan a tafiyar nan: in ga abu in buɗe baki, Yaya ya ce in rufe.

Mu 'ya'yan maƙera ne, maƙeran baƙin ƙarfe, masu garma da fartanya da gatari. Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga. Da aka tashe mu aka kai mu sabon matsuguni a ƙasar Bebeji, rabin mutanenmu suka koma kamun kifi, rabi suka koma noman rani. Baba ya sake kafa maƙerarsa a ƙarƙashin rumfar kara, amma kasuwa ba ta biyo mu ba. Yaya Mudi kuwa lokacin ginin dam ɗin ya shiga cikin masu walda, ya koyi irin ta sanda, mai tartsatsi da hayaƙi. Da aiki ya ƙare aka sallami kowa, sai labari ya bazu cewa a Jidda ana neman masu walda ruwa a jallo. Yaya ya ɗaure kayansa, Baba ya ce in bi shi in riƙe masa jaka.

Riƙe jaka ya dace da ni, don ni dama ɗan zuga ne. Tun ina ƙarami Baba ya yanke hukunci cewa idona ba ya ganin wuta, sai aka bar ni a kan zugazugi. Yaya shi ne mai ido. Ya kalli ƙarfe a cikin garwashi ya gaya maka ko ya nuna ko da saura, daga irin jan da ya yi kawai. Daga Kiru har Ɗangora an san garmarsa. Kuma shi ne ɗan wasan wutar gidanmu. In aka yi taron maƙera makaɗa suka zuga shi, sai ya ɗauki ƙarfen da ya yi ja wur ya goga a dantse, ya jefa garwashi a baki, mata suna guɗa. A gidanmu ana cewa wuta ba ta cin maƙeri, kuma ba da wasa ake faɗa ba. Tun muna goye ake ba mu jiƙe-jiƙe saboda haka. Maƙerin da aka gan shi da tabon ƙuna, sai a fara raɗa: ko dai ya karya sharaɗin gida, ko kuwa a tambayi uwarsa ɗan wane ne.

Daga Abeshe muka hau bayan wata tsohuwar akori-kura zuwa Junaina, daga nan Niyala, inda muka hau jirgin ƙasa. Da na ce mun hau, ina nufin samansa, don cikin babu masaka tsinke. A kan rufin nan mata suke dafa shayi, wani mutum yana ta yi wa ɗan'uwansa aski jirgi na gudu. Na duba gabas na duba yamma ban ga itaciyar kuka ko ɗaya da na sani ba, sai kewar gida ta kama ni kamar zazzaɓi. Na tuna ƙamshin gawayin ƙirya da Baba yake sayowa daga wajen Doguwa, na juya baya na share ido. Yaya ya gani, sai ya miƙo mini sauran ƙuli-ƙulin da Inna ta ɗaure masa.

A Bur Sudan, bakin teku, muka gamu da Alhaji Sambo. Haifaffen can ne, Hausarsa ta sha Larabci, ga farar riga ga doguwar tasbaha. Da ya ji daga inda muke sai ya rungume Yaya, har da ƙwalla, ya ce ai kakansa mutumin Tudun Wada ne. Daga baya muka ji ya gaya wa wasu Katsinawa cewa kakansa Bakatsine ne, ya gaya wa Zazzagawa Bazazzagi ne. Kakan nan nasa ya yi yawo ƙwarai.

Ya ce tun da ba mu da takardu, zai tsallakar da mu a jirgin ruwa na katako. Muka ba shi abin da ya rage mana, muka shiga tare da waɗansu tsofaffi masu niyyar aikin hajji. Abin da na amayar a tekun nan, ban san cikina ya taɓa ɗaukarsa ba. Da muka ga ƙasa, mai jirgin ya nuna wasu duwatsu ya ce Makka tana bayansu. Tsofaffin nan suka faɗi suka yi sujada a kan yashi, wani dattijo daga Gaya yana kuka yana ɗibar ƙasar yana zubawa a aljihu. Muka yi ta tafiya har rana ta take, sai muka iske titi da wani direba yana gyaran taya. Yaya ya tambaye shi hanyar Jidda. Mutumin ya dube mu ya daɗe, sannan ya nuna teku ya ce Jidda tana ƙetare. Ashe zagayawa aka yi da mu aka sauke mu kusa da Sawakin, a cikin Sudan ɗin dai. Wannan karon Yaya bai ce in rufe baki ba, don nasa ma a buɗe yake.

Wadda ta tsamo mu wata tsohuwa ce mai toya ƙosai a unguwar Takari, kamar yadda ake kiran mutanenmu a can. Iya Hawwa sunanta. Ta gan mu zaune a gindin bango muna kallon kaskonta, ta ce, "'Ya'yan nan, kallo kuke ko saye?" Yaya ya ce kallo. Ta ce, "To, ku matso ku yi kallon da baki." Ita kakarta da gaske mutumiyar Kiru ce, ko da yake ita ba ta taɓa ganin Kiru ba. Ta yi ta tambayata ko gaskiya ne a can dawa takan fi mutum a kan raƙumi tsawo. Ranar da ta yi mana tuwo da miyar kuka mai daddawa, na ci ina hawaye, tana ce mini yaji ne ya yi yawa ko? Yaya ya gyara mata hannun kasko da ƙofar gida. Ita kuma ta haɗa mu da surukinta mai aiki a jirgin da ke kai raguna Jidda, aka ɗauke mu masu ba dabbobi ruwa. Haka muka shiga ƙasa mai tsarki, muna warin tumaki.

A Jidda na koyi kalmomi biyu kafin in koyi gaisuwa: igama, wato takardar zama, da askar, masu kama wanda ba shi da ita. Muka samu aikin lebura a wani babban gareji a bayan gari, inda ake ƙera tankokin ruwa da na madara. Mai wurin wani Balarabe ne mai baƙin tabarau, wanda ban taɓa ganin idonsa ba. Da ya ji Yaya mai walda ne, sai ya ce yana bukatar mutum ɗaya da yaronsa. Zai ba Yaya lokaci ya koyi irin waldar da suke yi, sannan ya gwada shi a kan ƙarfe iri uku. In ya ci, ya yi mana igama mu biyu. In ya faɗi, mu nemi wani wuri, don askar sun fara shiga garejoji, kuma shi ba zai ɓoye kowa ba.

Wanda aka ba mu ya koya mana wani dattijo ne ɗan Pakistan, Usta Rashid, mai jan gemu na lalle. Da Larabcinsa na kasuwa da namu na Bur Sudan da nuni da hannu muke fahimtar juna. Ranar da na fara ganinsa yana aiki, na zaci rubutu yake yi. Yana zaune a kujera kamar tela, ƙafarsa a kan feda, hannun dama riƙe da wani abu kamar alƙalami mai kauri, hannun hagu da siririyar waya. Babu tartsatsi, babu hayaƙi, babu ƙara. Ɗan haske ne kawai a bakin alƙalamin, amma in ka kalle shi ba baƙin gilashin da ake rufe fuska da shi sai ka kwana kana hawaye. Ya ce sunan aikin tig.

A tsakiyar alƙalamin akwai allura wadda ba ta narkewa, ita ke kawo wutar. A kewayenta wani gas yana fitowa daga doguwar tukunya, argon sunansa, ba wari ba launi, yana lulluɓe narkakken ƙarfen don kada iska ta taɓa shi. Kafin Usta ya fara sai ya sa a kashe fanka, a cikin zafin Jidda da ke narkar da kwalta. Yaya ya ce, "Wuta ba iska?" Usta ya ce iska ita ce ɓarauniya, da ta shiga sai ɗinkin ya yi ƙuraje. Na dubi hannuwana, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu suna hura wa wuta iska.

Saita inji aikina ne, tun da ni ne yaro. A gabansa akwai maɓalli da ake murɗawa hagu ko dama. Hagu disi, wuta mai tafiya hanya ɗaya. Dama esi, mai kai da komowa. In baƙin ƙarfe za a ɗinka, ko jan ƙarfe, ko silba, wato farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa wanda ake tankin madara da shi, sai a murɗa hagu, a sa allura mai jan gindi, a feƙe ta kamar fensir. Jan ƙarfe mai shan wuta ne, sai an ƙara masa sosai. Silba kuwa ba ya son a daɗe masa, a rage wuta a yi sauri, a kuma cika cikin bututun da gas don kada bayan ɗinkin ya ƙone. In an gama ba a janye hannu nan take, sai gas ya gama hura wa wurin. Usta ya sa na yi ta maimaita waɗannan kamar karatun allo.

Yaya bai daɗe ba ya gane kan baƙin ƙarfe. Silba ma ya zo masa da sauƙi, don shi ma da launi yake magana: in ɗinki ya fito ruwan karan dawa ya yi kyau, in ya yi shuɗi da dama-dama, in ya yi toka an ƙona shi. Wannan yaren Yaya ne tun na haihuwa. Usta ya ɗaga wani bututu da ya ɗinka, ya sumbaci yatsunsa, ya zaga da shi yana nuna wa Yamalawa da Misirawan garejin. Rigimarsu ɗaya ce, safar hannu. Yaya ya ce shi ɗan maƙera ne, ba ya sa wa hannunsa riga. Usta ya ce in ba safa ba aiki. Yaya ya riƙa sawa yana tsaki, da ya ɗaga gilashi kuwa sai ya fizge ta da haƙori ya jefar.

Sai aka zo kan alminiyam, wanda a gida muke ce wa sanholo, na tukwane da ludayi, aikin maƙeran fari da Baba ba ya ko kallo. Shi nasa saitin daban ne. A murɗa dama zuwa esi, a sa allura mai koren gindi, kuma ba a feƙe ta, sai a bar bakinta ya dunƙule. Usta ya ce ƙarfen nan yana da wata fata a bayansa wadda ta fi shi taurin kai, sai a goge ta da burushinsa na kansa wanda bai taɓa wani ƙarfe ba, sauran kuma wutar mai kai da komowa ce take fasa ta. Da aka taka feda injin ya ɗauki kuka kamar an taɓa gidan rina, na yi tsalle na koma bayan tukunyar gas.

Yaya ya sauke gilashi, ya taka feda, ya tsaya yana jira ƙarfe ya yi ja. Yana nan yana jira sai wurin ya rufta, rami ya buɗe, narkakken ƙarfe ya ɗiga ƙasa. Ya ɗaga gilashi yana kallon ramin kamar an mare shi. Ya ce, "Bai yi ja ba." Usta ya ce ba zai yi ba. Yaya ya ce, "Wane irin ƙarfe ne zai narke bai yi ja ba?" Usta ya ɗaga kafaɗa ya ce haka Allah ya yi shi.

Ya sake, ya rufta. Ya kuma, ya rufta. Kwanaki suna ta tafiya, guntayen sanholo masu rami suna taruwa a ƙarƙashin tebur. Ba wai bai ji bayanin ba ne. Ya ji, ya yarda, amma da ya sauke gilashi sai idonsa ya koma jiran ja, kamar yadda ya yi tun yana ɗan shekara bakwai. Ya daina cin abinci sosai. Askar suka shiga garejin da ke maƙwabtaka da mu suka cika mota da mutane, muna leƙe ta ramin kwano. Mai wurin ya fara wucewa ta gabanmu yana duban tarin guntayen nan. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba na kaina kaɗai ba. Ban taɓa ganin Yaya ya tsaya gaban wuta bai san abin da zai yi ba.

Ni nake kwashe masa guntayen da awartaki. Wata rana na yi gaggawa na taɓa ɗaya da yatsa, can nesa da inda aka yi waldar, sai na ji kamar kunama. Baƙin ƙarfe ba haka yake ba. Kowane maƙeri yakan riƙe gindin dogon ƙarfe da hannu alhali bakinsa yana ja wur a wuta. Na tsotsi yatsana na ce, "Yaya, ƙarfen nan zafi gudu yake yi a cikinsa, har ƙarshe yake kaiwa."

Ya juyo da jajayen idanu ya ce, "Kai ne za ka koya mini wuta, ɗan zuga?"

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya."

Usta ne ya samo dabara. Ya tafi wajen randar ruwan sanyi ya ɗauko ƙatuwar ƙanƙara, ya ajiye a teburin Yaya, ya kunna ashana ya kara mata. Ya ce, "Duba. Ta yi ja?" Yaya ya ce a'a. "To me ta yi?" Yaya ya sunkuya ya duba, ya ce, "Ta jiƙe. Tana ƙyalli." Usta ya buga tebur ya ce wannan shi ne alminiyam. Kada ka jira ja, jira ƙyalli. Da ka ga ya jiƙe kamar madubi, tsoma waya ka yi gaba, kana tafiya kana sassauta feda. Yaya ya daɗe yana kallon ƙanƙarar tana narkewa, sannan ya yi murmushi ya ce, "Ashe ƙanƙara ce." Ranar ya yi ɗinkinsa na farko da bai rufta ba, Usta ya saya mana shinkafa da kaza da kuɗinsa.

Ranar gwaji da hantsi aka yi. Aka kafa wa mai wurin tebur a inuwa can ɗaya gefen filin garejin, yana shan shayi da baƙi biyu. Ma'aikata duk suka bar aiki suka yi da'ira. Sharaɗi shi ne yaro ya saita inji ya koma baya, ba taimako ba magana. Na murɗa hagu, na sa allura mai jan gindi. Yaya ya ɗinka baƙin ƙarfe kamar yana wasa. Na rage wuta, ya ɗinka silba, ya fito ruwan karan dawa tun daga farko har ƙarshe. Wani Bamisire ya ɗauke su da awartaki ya kai gaban mai wurin, ya duba ya gyaɗa kai.

Na ukun wani bututun sanholo ne mai kauri, tsawonsa ya fi kamu biyu, za a ɗinka masa faifai a baki ɗaya. Saboda kaurinsa sai da Usta ya gasa wurin haɗin da wutar gas. Na murɗa dama, na canja allura, na goge da burushi. Na koma cikin da'ira. Injin ya ɗauki kukansa. Ina kallon ƙafar Yaya a kan feda tana sassautawa a hankali, ina karanta duk addu'ar da na sani. Ya zagaye bututun bai tsaya ba. Ya bar gas ya gama hurawa. Da ya janye hannu sai ga ɗinki ya kwanta kamar kitso, fari tas, ba rami ba ƙurji. Usta ya ɗaga hannu sama yana kabbara.

Yaya ya ɗaga gilashi yana dariya, irin dariyar da rabona da ita tun gida. Ya fizge safar da haƙori ya jefar. Bamisiren yana zuwa da awartaki, Yaya ya ɗaga masa hannu, wannan shi zai kai da kansa. Ya miƙa hannun dama ya kama ɗaya bakin bututun, can nesa da waldar, yadda ya kama gindin dogon ƙarfe sau dubu a maƙerar Baba. Bututun yana nan fari sol kamar an ɗauko shi daga inuwa.

Na ji ƙarar tun kafin in gane abin da nake ji, irin ta nama a kasko. Dariyar ta tsaya a fuskarsa. Na ga idonsa ya zaga kan mutanen nan, Yamalawa da Misirawa da 'yan Pakistan, waɗanda ya sha gaya musu cewa shi ɗan gidan da wuta ba ta ci ne. Usta yana ihu da Larabci, "Jefar! Jefar!" Ni kuwa na tsaya baki buɗe.

Bai jefar ba. Ya ɗaga bututun ya miƙe tsaye, ya taka filin nan a hankali, kamar mai kai wa surukai gaisuwa. Ƙauri ya cika wurin. Ɗaya daga cikin baƙin ya saki kofin shayinsa ya fashe. Yaya ya isa gaban tebur ya ajiye bututun, sannan ya sa hannun hagu ya ɓamɓare na dama daga jikinsa. Ya ɓoye shi a bayansa, ya tambayi mai wurin da Hausa, "Ya yi?"

Mai wurin ya cire tabarau. Ranar na fara ganin idonsa. Ya ce ya yi, wallahi ya yi. Sai a lokacin Yaya ya yanke jiki ya faɗi.

In faɗi gaskiya, Balaraben nan bai yi mana rashin mutunci ba. Da kansa ya sa Yaya a motarsa ya kai shi asibiti, ya tsaya mana, ya kuma cika alkawari, igama ta fito mu biyu. Usta yana zuwa kullum da miyar wake a kwano, ya zauna a bakin gado yana zargin kansa da kawo ƙanƙara. Amma da ciwon ya warke, sai fatar ta ja yatsun nan huɗu ta naɗe su cikin tafi. Likita ya yi abin da zai iya. Hannun da aka sani daga Kiru har Ɗangora ya koma ba ya riƙe ko cokali. Yaya ya gwada riƙe alƙalamin walda da hagu, hannu yana karkarwa, allura tana nutsewa cikin ƙarfe. Aka ba shi tsintsiya. Ya yi shara kwana kaɗan, sannan ya ce mini, "Haladu, mu sauke farali mu tafi gida." Usta ya ce ni in zauna, ya ga ƙafata ta iya feda. Na ce da jakar Yaya na zo, da ita zan koma.

Muka yi aikin hajji muka biyo jirgin alhazai zuwa Kano. A motar da ta ɗauko mu daga birni hannun Yaya yana cikin aljihun riga. Sai da muka hango ruwan Bagauda yana ƙyalli ya matso kusa da kunnena.

"Haladu."

"Na'am, Yaya."

"In an tambaye ka, inji ne ya kama mini hannu. Ka ji ko? Inji."

Na ce na ji.

Gida ya cika da 'yan barka da zuwa, ana ta Alhaji Mudi, Alhaji Haladu, yara suna wawar dabino. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfar maƙera, dattawan maƙera na garuruwan kusa duk sun zo. Yaya yana ta gaisawa da hagu, har wani tsoho ya ce, "Alhaji, a Makka aka koya maka ba manya hagu?" Ba yadda zai yi, ya fito da hannun. Dattawan suka zuba masa ido. Inna ta leƙo daga zaure ta ɗora hannu a ka tana salati. Aka ce me ya faru, sai duk ido ya dawo kaina.

Na ce, "Inji ne."

Baba ya ce, "Kawo in gani." Yaya ya durƙusa a gabansa ya miƙa. Baba ya juya hannun, ya ɗan buɗa yatsun iyakar inda suke buɗuwa, ya dubi fatar nan mai santsi da ƙyalli, da shatar bututu kwance a tsakiyar tafin. Mutumin da ya shekara sittin a bakin wuta ne. Ya daɗe yana kallo, dattawan nan suna miƙo wuya. Na ga gumi yana bin wuyan Yaya.

Baba ya rufe hannun da tafukansa biyu, ya jawo hannun rigar Yaya ya lulluɓe shi. Ya ɗago ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Inji ne. Ga wurin haƙoransa nan na gani."